Ranar da Na Fito a Talabijin ɗin Alhaji

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa na so in manta. Wata Lahadi ce, ranar kasuwar Illela, rana ta take tsaka. Ina zaune a ɗan shagona na cajin waya da tura waƙoƙi, littafi buɗe a kan cinyata, ina karanta yadda wani jarumi ya kamu da son wata yarinya daga ganin yatsunta kawai. Ina cikin cewa a raina marubuciyar nan ta cika ƙari, sai wani hannu ya miƙo waya ta saman teburina. Jan lalle ne a yatsun, har ya fara koɗewa. Kafin in ɗaga kai na riga na nemi gafarar marubuciyar.

"A sa min caji, in na hito kasuwa in amsa," in ji mai hannun. Da ta ga na tsaya ina kallonta kamar wanda aka dasa, sai ta yi dariya. "Yaya, ba ka gane ni ba? Kulu ta."

Kulu ce kuwa, wato Hauwa'u, ƙanwar abokina Murtala, wadda na sani tana 'yar mitsitsiya muna korarta idan ta biyo mu filin ƙwallo. Ta tafi Sakkwato koyon aikin jinya, ga shi ta dawo. Na karɓi wayar na jona ta a soket ɗin da na san ba ya aiki, sai da ta tafi na lura.

Ya kamata in gaya wa mai karatu irin mutumin da nake a lokacin. Tun ina firamare nake satar littattafan soyayya na yayyena mata ina karantawa a bayan rumbu. Abokaina suna haddace sunayen 'yan ƙwallo, ni ina haddace yadda ake lumshe ido da yadda ake sauke ajiyar zuciya. (Har gwadawa nake a madubin wanzami.) A cikin littattafan nan ba a faɗin so haka kawai kamar ana tayin albasa. Dole jarumi ya yi wani abu da zai sa yarinya ta dafe ƙirji, hawaye su zubo mata, ta rasa bakin magana. Saboda haka watanni suka shuɗe Kulu tana zuwa shagona, muna gaisawa, tana tsokanata a kan littattafan, ni kuwa ban ce mata komai ba. Ina jiran babban abu.

Babban abin da na ƙulla shi ne bidiyo. Na ari shadda mai ruwan sararin samaniya wurin wani tela abokina, na sayi baƙin tabarau da jan fure na roba, na hau babur har Kalmalo. A bakin tafki na samu wani masunci yana gyaran komarsa, na roƙe shi ya riƙe mini waya. Na durƙusa a kan gwiwa ɗaya cikin taɓo, na miƙa furen wajen kyamara, na zuba kalaman da na daɗe ina tsarawa. Ba zan maimaita su duka a nan ba, ina da sauran mutunci. Amma akwai wurin da na ce, "Ya ke Hauwa'u, sanyin idanuna, in kika ce in shanye tafkin nan, wallahi sai dai kifaye su nemi wani gida." Daidai nan muryar masuncin ta shigo daga bayan waya: "Malam, ka ƙare? Hannuna ya gaji." Ban iya yanke wurin ba, sai na bar shi da tunanin kiɗan da na ɗora a ƙasa zai rufe shi. Bai rufe ba.

Na dawo da bidiyon, na kasa turawa. Turawa ta waya ai ƙaramin abu ne. Na bar shi yana kwance a wayata.

Ana haka aka yi wa Murtala haihuwa a Abuja, inda yake aiki. Ya turo bidiyon suna a wayar Kulu, amma Inna, mahaifiyarsu, idonta ya yi rauni, ba ta ganin komai a ɗan gilashin waya. Sai Murtala ya kira ni. Ya ce Alhaji, mahaifinsu, ya sayo akwatin kallo daga Konni, can ƙetaren iyaka, irin ɗan ƙaramin nan da bai fi sabulun wanka ba, wanda ake jonawa a bayan talabijin yana jan hoto daga intanet ɗin gida. An jona shi a falon Inna, amma an rasa yadda za a tura bidiyo daga waya zuwa cikinsa. "Kai ad injiniyan unguwa," in ji shi. "Don Allah ka tahi ka haɗa ma Inna ta ga jikanta."

Ina ajiye waya na ga abin gaba ɗaya a idon zuciyata. Babban talabijin. Kulu a tsaye ita kaɗai. Ni in ce bari mu gwada da wani abu tukuna. Sai ga ni a bango, da fure, da tafki a bayana. Ko marubutan da nake karantawa ba su taɓa tunanin wannan ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na tafi. A gidan ni ɗan gida ne, tare muka tashi da Murtala, shi ya sa nake shiga har ciki. Amma kafin ka kai cikin gida sai ka wuce falon Alhaji da ke kusa da zaure. Alhaji Ummaru tsohon ma'aikacin sakatariya ne, mutum mai ƙarancin magana wanda ko tarinsa sai an natsu. Kowace Juma'a dattawa suna taruwa a falonsa su ci abinci su yi hira. Ranar akwai limamin unguwa, da wani Arɗo daga Gidan Katta, da Baffana, ƙanin mahaifina wanda ya riƙe ni tun rasuwar babanmu, da wasu da ban tsaya tantancewa ba. Na durƙusa a bakin ƙofa na gaishe su. Na ga talabijin ɗin Alhaji a kunne, ana nuna masu ɗawafi a Makka, karatu yana tashi a hankali daga manyan sifiku biyu. Na gani da idona. Ban tambayi kaina ta ina hoton yake shigowa ba. (Mutumin da ke ɗauke da tafki a aljihu ba ya irin waɗannan tambayoyi.)

A falon Inna na tarar da ita da Kulu. Na gaisa, na zauna a gaban talabijin, na naɗe hannun riga. Na haɗa wayata da intanet ɗin gidan, na buɗe manhajar da ake tura bidiyo da ita. Ya kamata ta gano akwatin da kanta, amma ta yi ta juyawa ba ta ga komai ba. Daga ƙarshe ta ce in rubuta mata lambar IP ta akwatin da hannu.

Ga wanda bai sani ba, duk na'urar da ta hau intanet ɗin gida ana ba ta lamba tata ita kaɗai, da ita ake gane ta a cikin sauran. In ka ba waya lambar, kai tsaye za ta kai saƙo wurin mai lambar, ba ruwanta da ko wane ne. Hanyar samun lambar kuma ba wuya. Ka ɗauki rimot, ka shiga setin na akwatin, ka nemi wurin da ya shafi haɗin intanet, za ka gan ta a rubuce. Na san wannan sarai. Na ɗauki rimot na shiga, sai na tarar da komai da Faransanci. Kayan Konni ne, da harshen can ya zo. Ni kuwa Faransancina bai wuce na canjin sefa a bakin iyaka ba.

Na yi ta shiga ina fita. Na shiga wani wuri hoton ya koma baƙi da fari, na yi sauri na fito. Na shiga wani, akwatin ya yi wata tambaya mai amsa biyu, na zaɓi ta hagu da bismilla. Gumi ya fara tsattsafo mini.

"Yaya, kawo in duba," in ji Kulu. "Ina jin kaɗan-kaɗan, can nika hutu wurin su kawu."

Da na miƙa mata rimot ɗin nan, da yau wani labari nake ba ku. Amma a wane littafi aka taɓa ganin jarumi ya miƙa wa jaruma rimot? Na yi murmushin da na koya a madubin wanzami na ce, "Bar shi, ƙanwata. Akwai hanyar da mu masu aikin muka bi."

Hanyar ita ce wata manhaja da ke bincika intanet ɗin gida ta jero duk abin da ke kai. Na kunna ta. Ta jero wayoyi, ta jero rauta mai raba intanet ɗin, sannan a ƙasa ta kawo sunan akwatin sau biyu. Suna iri ɗaya, lambobi iri ɗaya tun daga farko, sai a ƙarshe suka bambanta. Mai hankali zai tsaya ya ce, me ya sa biyu? Zai tambaya ko akwai wani akwatin a gidan. Ko ya zare na gabansa daga wuta ya ga wanne zai ɓace. Ni sai na ce a raina manhajar ce take maimaita magana. Na dubi lambobin biyu, na lumshe ido, na tambayi zuciyata. Zuciyata ta ce na sama. Na kwafe na sama.

Wayar ta ce an haɗa. Kamar an shirya, Inna ta miƙe tana cewa bari ta duba ƙarin tuwon baƙin Alhaji, a kira ta in jikan ya fito. Ta fita. Saura ni da Kulu, tana tsaye a jikin ƙofa tana wasa da bakin mayafinta.

"Bari mu gwada da wani ɗan abu tukuna," na ce. "Ki dubi talabijin da kyau."

Na danna.

Talabijin ɗin Inna bai ko motsa ba. Faransancinsa yana nan yadda na bar shi. A wayata kuwa an rubuta cewa bidiyo yana tafiya. Na ce wataƙila hoton ne ke jinkiri, bari in ji ko sauti ya iso. Na ƙara murya. Shiru. Na ƙara har ƙarshe. Shiru. Na mayar da shi farko na sake dannawa, don na san na'ura wani lokaci sai an matsa mata.

Kulu ta karkata kai wajen tsakar gida. "Yaya," ta ce a hankali, "kamar muryarka nika ji can waje."

Na saurara. Karatun da ke tashi daga falon Alhaji ya ɗauke. A madadinsa wani kiɗa ne mai taushi, da muryar wani mutum yana magana da ƙarfin sifiku biyu, yana jan kowace kalma kamar mai ciwon haƙori. Wallahi da farko ban gane shi ba, har na fara cewa wane sakarai ne wannan. Sai kalaman suka ratso tsakar gida, suka wuce Inna da ke tsaye da muciya a hannu, suka shigo har inda muke:

"...sai dai kifaye su nemi wani gida!"

"Malam, ka ƙare? Hannuna ya gaji."

Ashe akwati biyu Alhaji ya sayo.

Kulu ta toshe baki da mayafi, idanunta suka yi waje, ta juya da gudu ta shige ɗaki. Ban san ko kuka take ko dariya ba. A littafi ana dafe ƙirji, ita cikinta na ga ta riƙe. Ni kuwa na rarumi wayata. Na danna wani abu, bidiyon ya tsaya. Gidan ya yi tsit, har kukan tantabarun maƙwabta ana ji. Sannan muryar Baffa ta taso daga zaure, ya kira cikakken sunana har da na mahaifina, abin da bai taɓa yi ba sai ranar da na karya masa rediyo.

Tsakar gidan nan ba ta da wani faɗi, amma ban taɓa tafiya mai nisanta ba. Inna ta bi ni da ido. Na isa ƙofar falon na durƙusa. A bango, inda ɗazu bayin Allah suke ɗawafi, ga ni nan cike da talabijin, baki buɗe, tabarau ya zamo kan hanci, fure a miƙe wajen liman. Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi da sauri. Wani dattijo ya tsaya da lomar tuwo tsakanin kwano da baki. Arɗo ya dubi bango, ya dube ni, ya sake duban bango.

"Alhaji," ya ce, "wanga ba shi na ba?"

"Shi na," in ji Baffa, ba tare da ya dube ni ba.

"To mi tafkin yay yi mishi?"

Alhaji Ummaru ya cire tabaransa na karatu, ya goge, ya mayar. Fuskarsa ba ta nuna komai ba. Ya nuna bango da haɓa ya ce, "Yaro, kashe muna kanka."

Na ɗago waya na danna. Maimakon ya mutu sai ya koma farko. "Ya ke Hauwa'u, sanyin idanuna..." Sunan ɗiyar mutum, a falonsa, gaban limaminsa, ranar Juma'a. Baffa ya yi tsalle irin wanda ban san yana da sauransa ba, ya fizge wayar wutar daga bango. Komai ya mutu har da fanka.

"Tashi ka tahi," in ji Alhaji.

Na tashi na tafi. Sai da na kai bakin titi na ga takalmin da ke ƙafata ta dama ba nawa ba ne, na Arɗo ne.

Kafin la'asar labari ya gama unguwa, kafin Lahadi ya ƙetara iyaka. Masu babur suna wucewa ta gaban shagona suna cewa, "Mai shanye tafki, a bar muna na alwala!" Wata tsohuwa mai fura ta tambaye ni da gaske ko ni ne na hana su kifi. Ban iya kwana a gida ba, don ba zan iya haɗa ido da Baffa ba. Na ba wani yaron maƙwabta takalmin Arɗo ya mayar, na rufe shago, na hau motar Sakkwato, na sauka wurin wani abokina mai gyaran waya. Na ce sai ƙura ta lafa.

Baffa ya yi ta kira, ban ɗauka ba. Na san abin da zai ce, ko dai na ɗauka na sani. Kulu ma ta turo saƙo guda ɗaya: "Yaya, har yanzu Inna ba ta ga jikanta ba. Yaushe za ka zo ka ƙarasa aikinka?" Na karanta shi har na haddace. Na juya shi ta kowane gefe, na yanke hukunci cewa ba'a ce. Ban amsa ba. Na canza layi.

Gaskiyar magana, akwai wani daɗi da na riƙa ji a cikin baƙin cikin. Na zama jarumin da ƙaddara ta raba da masoyiyarsa, wanda yake tafiya shi kaɗai a bakin titi yana tuna baya. Na san wannan babin, na karanta shi sau da yawa. Ƙura ta lafa, ban koma ba. Na samu aiki, na zauna. Ko Sallah a Sakkwato nake yi, in aika wa Baffa da shadda ta hannun direba. Da na ji an ɗaura wa Kulu aure, na rufe kaina a ɗaki na yi kukan da ya dace da matsayina.

Sai bayan shekaru, da Allah ya yi wa Alhaji Ummaru rasuwa, na ga ba ni da mafaka. Na je ta'aziyya. Ba wanda ya kira ni mai shanye tafki, yawancin masu babur ɗin ma ba su san ni ba. Bayan an shafa fatiha na raka Baffa gida, ya tsufa, yana dogara sanda. A hanya ya tsaya ya huta a gindin wata bedi, ya dube ni.

"Kai dai wawa na," ya ce. "Ka san mi yaf faru bayan ka hita?"

Na ce ban sani ba.

"Alhaji dariya yay yi har da tari, sai da anka ba shi ruwa. Ban taɓa ganin haƙoranai ba sai rannan. Da mutane sunka watse yac ce min, yaron ga ba shi da wayo, amma wanda zai shiga taɓo da shaddar aro saboda ɗiyata ba zai wulaƙanta ta ba. In da gaske shikai, ku taho. Anka tambayi yarinya, tay yi shiru, ta rufe huska. Ka san mi shirun budurwa ka nufi. Ni har goro na sawo. Na kira ka, na kira ka, na kira ka. Mutumin ga ya jira har anka yi girbi. Goron a ɗakina yab bushe."

Babu littafin da ya koya mini abin da ake cewa a nan.

Abin da na koya dai ba shi da yawa. In na'ura ta yi maka yaren da ba ka ji, miƙa rimot ga mai ji. In ka ga abu biyu iri ɗaya, tambayi masu gida, kada ka tambayi zuciyarka, ba ta san lamba ba. Kunya kuma ba ta kisa, ga ni nan da raina. Rana ɗaya ta yi mini, sauran shekarun ni na ƙara da kaina.

Na ga Kulu a wajen gaisuwar mata, daga nesa, da goyo a baya da wata 'yar budurwa riƙe da hannunta. Na yi mata ta'aziyya, ta amsa, ta ɗan dube ni ta ce, "Yaya, ashe kana duniya." Shi ke nan abin da ya shiga tsakaninmu. Yanzu ita ce babbar ma'aikaciyar jinya a asibitin garin Lafani. An ce matan ƙauyukan wajen ba sa yarda kowa ya karɓi haihuwarsu sai ita, har akwai yara mata da yawa da aka sa wa sunanta. Mijinta malamin gona ne, kullum da safe shi yake kai ta aiki a bayan babur, ya dawo ya ɗauke ta da yamma. Na ɗan bincika halinsa, don zuciya ba ta rabuwa da son jin ciwo. Aka ce mutumin kirki ne, mai shiru-shiru, ko hoto ba ya son a ɗauke shi.